Wa zai duba mana ruwan jarka a Gyaɗi-Gyaɗi?

Duk wanda ya taɓa kwana a Gyaɗi-Gyaɗi ya san sautin da ke biyo bayan sallar asuba: kukan tayar kura a kan kwalta, da karon jarkoki, da sallamar mai ruwa a ƙofar gida. Daga lungunan da ke bayan titin Kotu har zuwa waɗanda suka ɓulla titin Zariya, kafin rana ta ɗaga an juye ruwan da za a sha, a yi girki, a wanke yara 'yan makaranta. Tambaya biyu ake yi wa ɗan garuwa: nawa ne, kuma na ina ne? Wani lokaci uwar gida ta ƙara da ta uku, ko ba mai zartsi ba ne. Idan ya amsa, ta leƙa bakin jarka ta ga ruwa garai, ciniki ya faɗa.

Akwai tambaya ta huɗu da ba a yi, ba don an raina ta ba, sai don babu mai amsa ta a bakin ƙofa: me ke cikin ruwan nan? Mun tashi muna auna ruwa da abu uku, launi da ɗanɗano da wari. Da su malaman fiƙihu suka koya mana gane ruwan da ya halatta a yi tsarki da shi, kuma a wannan babin sun wadatar. Amma ruwan sha babi ne na daban. Ƙwayar bakteriya ɗaya, sai an jera kimanin ɗari biyar irinta kafin su cika tsawon milimita guda. Kofi ɗaya na iya ɗauke da miliyoyinsu, ya kasance fari tas, ba wari, ga daɗi a maƙogwaro. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, wannan ciniki na makanta ana yin sa ne a unguwar da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yake, inda ƙwararrun masana ƙwayoyin cuta ke aiki dare da rana. Tsakanin randar gida da madubin likita tafiyar minti goma ce a ƙafa, amma ba su taɓa haɗuwa ba sai bayan an kwantar da mai shan ruwan.

A 'yan shekarun nan an yi ta jin labarin wasu ƙananan na'urorin lantarki, na ɗauka a hannu ko a jaka, da aka ce suna gano ƙwayoyin cuta a ruwa cikin gaggawa, ba sai an kai samfur ɗakin gwaje-gwaje ba. Labarin gaskiya ne, amma an yi masa ƙarin gishiri. Ya kamata mai karatu ya san abin da waɗannan na'urori ke iyawa da wanda ba sa iyawa, tun kafin wani ya zo ya sayar wa gwamnati, ko shi kansa, abin da ba shi ba.

Bari mu fara da hanyar da ruwan ke bi. Kano ta san famfo tun farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, lokacin da aka gina matatar ruwa ta Challawa. Daga baya aka yi ta Tamburawa, aka ƙara sabuwar Tamburawa da aka tsara ta riƙa tace lita miliyan 150 a kullum, sannan ta Watari. Sai dai birnin ya yi wa bututun nisa, kuma ko inda bututun ya kai, ruwan ba kullum yake zuwa ba. Wannan zuwa da ɗaukewa kansa haɗari ne: idan bututu na cike da ruwa mai ƙarfi, ta inda ya tsage waje yake zubarwa, amma da zarar an ɗauke ruwa sai ya koma zuƙo abin da ke kewaye da shi, kuma mun san yawancin ƙananan bututunmu ta cikin kwata suke ratsawa. Saboda haka ruwan farko da ke fitowa bayan famfo ya kwana biyu a bushe ba shi ne wanda ya baro matata ba.

Giɓin da famfo ya bari, rijiyar burtsatse ce ta cike shi. Mai hali ya haƙa a gidansa, ya ɗora tanki, ya sayar wa 'yan garuwa. A nan ne lissafi ke ƙin fita. Ƙa'idar da masu aikin ruwa da tsafta suka saba bi ita ce a bar tazarar aƙalla mita 30 tsakanin rijiya da masai. Fulotin da ake yankawa ƙafa hamsin a ɗari kuwa, tsawonsa duka kimanin mita 30 ɗin ne, faɗinsa rabin haka, ga shi gidaje da yawa ba su kai rabin fuloti ba. Ko mai gida ya nisanta rijiyarsa da tasa shaddar, ta maƙwabcinsa na bayan katanga. Ruwan ƙasan Kano kuma yana kwance ne a cikin ruɓaɓɓen dutse da tsagoginsa, ba can ƙasa mai nisan gaske ba, don haka rijiyar da ba a yi wa bakinta siminti da kyau ba tana iya shan abin da damina ta wanko.

Ko da ruwan ya fito da tsarkinsa, tafiyarsa ba ta ƙare ba. Zai zauna a tankin da ba a san ranar da aka wanke shi ba, ya bi ta tiyon da ke kwance a ƙasa, ya shiga jarkar da asalinta ta man girki ce, wadda bakinta bai isa hannu ya shiga ya cuɗa ta ba, a toshe ta da leda idan murfi ya ɓata, sannan ya sauka a randar da yaro da babba ke tsoma moɗa. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da UNICEF a 2016 zuwa 2017 ya nuna girman wannan matsala a Nijeriya baki ɗaya. Da aka gwada ruwa a inda ake ɗebo shi, an samu ƙwayar E. coli a ruwan sama da kashi uku cikin huɗu na mutane. Da aka gwada wanda ake miƙa wa mutum a kofi a cikin gida, sai adadin ya hau zuwa kimanin mutum tara cikin goma. Ke nan wani ɓangare na ƙazantar tsakanin rijiya da baki yake shiga.

Me ya sa E. coli? Cututtukan da ruwa ke ɗaukowa suna da yawa: kwalara, taifot, atini, wasu nau'o'in ciwon hanta. Neman kowace da sunanta aiki ne mai tsada. Sai masana suka zaɓi wata ƙwaya da ke zaune a hanjin mutum da na dabba, wadda wani likitan yara Bajamushe, Theodor Escherich, ya bayyana a 1885, suka mai da ita 'yar manuniya. Yawancin nau'o'inta ba sa cutarwa, amma ganinta a ruwa shaida ce cewa bayan gida ya shiga, kuma ƙofar da ta shigo da ita za ta iya shigo da kwalara. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ƙa'idar ruwan sha ta Nijeriya ta 2007 ita ma ta ɗauka, ba shi da sassauci: kada a samu ko ɗaya a cikin mililita 100, wato kashi ɗaya cikin biyar na ledar fiya wata.

A nan wahalar take, kuma wanda ya fahimce ta ba za a yaudare shi da kowace na'ura ba. Neman ƙwaya ɗaya a mililita 100, a tsakiyar dubban wasu ƙwayoyin da ba ruwansu da cuta, allura ce cikin ruwa. Dabarar da aka daɗe ana bi ita ce a bar allurar ta hayayyafa har ido ya gan ta. Ana tace ruwan ta wata siririyar takarda mai ƙofofin da ƙwayar ba ta iya wucewa, a ɗora takardar a kan abincin da ƙwayar ke so, a sa a akwatin ɗumi irin na ƙyanƙyasar ƙwai. Idan ta samu yadda take so, E. coli na rabuwa biyu duk bayan kimanin minti 20. Ɗaya ta zama takwas a sa'a guda, ta zama 512 a sa'a uku, ta haura dubu 260 a sa'a shida, ta wuce miliyan biyu a sa'a bakwai. Amma ƙwayar da ta sha wuya a tanki ba nan take take fara rabuwa ba, sai ta farfaɗo tukuna. Shi ya sa ake jiran sa'a 18 zuwa 24 kafin kowace ƙwaya ta zama ɗigon da za a ƙirga. A ƙara da cewa samfurin da aka ɗiba ana so ya isa ɗakin gwaji cikin sanyi, a cikin kimanin sa'a shida. Kafin sakamako ya dawo unguwa, an shanye jarkar, an sayo wata, an shanye.

Yunƙurin fito da gwaji daga ɗaki zuwa bakin rijiya ba sabo ba ne. A 1982 wasu masana a Indiya suka fito da 'yar takarda da ake sawa a kwalba, a zuba ruwa, idan ya yi baƙi bayan kwana ɗaya ko biyu to akwai alamar ƙazanta. A shekarun 1980 ɗin ne kuma Jami'ar Surrey ta Ingila da ƙungiyar Oxfam suka haɗa akwatin DelAgua mai aiki da batir, wanda har gobe ma'aikatan agaji ke ɗauka zuwa sansanonin gudun hijira. Masu irin binciken UNICEF ɗin da na ambata ma, inda babu wuta, ɗamara suke ɗaurawa a ƙugu mai aljihunan da ake zura faifan gwaji, ɗumin jikinsu ya yi aikin akwatin. Duk waɗannan sun rage tafiya, amma ba su rage jira ba. Rage jiran shi ne abin da sababbin na'urorin ke fafutuka, kuma UNICEF da kanta ta fitar da sharuɗɗa ga masu ƙere-ƙere tana neman gwajin da zai ba da amsa cikin 'yan sa'o'i a yini guda, a farashin da ƙasashe irin namu za su iya.

Hanya ta farko ba ta bar kiwon ƙwayar ba, ido kawai ta sauya. E. coli na da wani sinadari a jikinta da take narka abinci da shi, wanda yawancin sauran ƙwayoyin ruwa ba su da shi. Sai a ba ta abincin da in ta narka shi yake fitar da haske. Maimakon a jira idon mutum, sai a sa idon lantarki da ke leƙawa duk bayan 'yan mintoci, ya kama hasken tun yana ɗan kaɗan, ya lissafa yawan ƙwayoyin daga tsawon lokacin da hasken ya ɗauka kafin ya bayyana, ya aika sakamakon ta layin waya. Irin wannan na'ura, ta kamfanin Fluidion na Faransa, ta yi suna a lokacin wasannin Olamfik na 2024 a Paris. Faransa ta kashe kimanin Yuro biliyan 1.4 wajen tsaftace kogin Seine domin a yi ninƙaya a cikinsa, amma sai da aka ɗage gasar maza ta ninƙaya da keke da gudu daga 30 zuwa 31 ga Yuli saboda ƙazantar da ruwan sama ya koro, kuma masu yanke hukunci suna dogara ne da gwajin da ke faɗin halin da kogin yake jiya. Na'urar na ba da amsa tsakanin sa'a biyu zuwa goma sha biyu. To amma a lura da kyau: gwargwadon ƙazantar ruwa, gwargwadon saurin amsar. Kogin da ake maganar ƙwaya kusan dubu a mililita 100 yana saurin tona kansa. Ruwan shan da ake neman ƙwaya ɗaya tak a cikinsa shi ne ke cin dogon lokacin.

Hanya ta biyu ita ce mai saurin gaske. Ana tsoma wata na'ura mai kama da tocila a bokitin ruwa, ta haska shi da wani haske da ido ba ya gani, ta auna ƙyallin da ke dawowa daga sinadaran da ƙwayoyin halitta da ƙazanta ke bari a ruwa. Babu magani, babu jira, amsa cikin abin da bai kai minti ba. Masana na Hukumar Binciken Ƙasa ta Birtaniya sun gwada ta a rijiyoyin garin Kabwe na Zambiya, suka buga sakamakon a 2015, daga baya aka gwada a Indiya da Malawi da Uganda da Senegal. Abin da ya fito shi ne tana da amfani wajen ware rijiyar da ke da haɗari daga wadda ba ta da shi. Amma ba ta ƙirga E. coli, ba ta ma ganin ta. Laka na rikita ta, zafin ruwa na sauya karatunta, ɗigon man dizal na iya sa ta yi ihu a banza, kuma farashinta dubban daloli ne. Danginta ita ce wadda ke amfani da sinadarin maƙesu, ƙwaron nan mai walƙiya da dare, tana auna yawan abu mai rai a cikin ruwa cikin 'yan mintoci. Masana'antun abinci na amfani da ita wajen duba ko an wanke kayan aiki. Ita ma ba ta bambance mugu da na kirki, kowa ta gani ƙirga shi take.

Hanya ta uku ita ce ta neman ƙwayar da sunanta, ta hanyar sinadarin gadonta. A 2000 wasu masana a Japan suka fito da dabarar ninka wannan sinadari a zafi guda, kimanin digiri 65, ba sai da babban injin ɗakin gwaji mai hawa da saukar zafi ba. Wannan ne ya ba da damar a ƙanƙanta aikin. Kamfanin OmniVis, wanda ya tsiro daga Jami'ar Purdue ta Amurka, ya haɗa na'urar hannu mai aiki tare da wayar salula domin gano ƙwayar kwalara a ruwa cikin abin da bai kai sa'a ɗaya ba, aka kuma gwada ta a Bangladesh. Ga mai bin sawun annoba, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Rauninta biyu ne. Ɗigon ruwa kaɗan take ɗauka, don haka sai an tace ruwa mai yawa an tattara abin da ke ciki kafin a ba ta, in ba haka ba ƙwayar na iya kasancewa a jarka ba ta faɗo cikin ɗigon ba. Sannan gawar ƙwaya ma na ɗauke da sinadarin gado, don haka ruwan da kulorin ya riga ya gyara na iya fitowa da laifi.

A taƙaice, a yau mai saurin ba ta da tabbas, mai tabbas ɗin kuma ba ta gama yin sauri ba. Duk wanda ya ce maka yana da na'urar da za a tsoma a kofi ta faɗi adadin ƙwayoyin cuta nan take, ka riƙe aljihunka.

Na faɗi haka ne domin na gani da idona. Kwanakin baya wani saurayi mai tallar matatar ruwa ta gida ya same mu a majalisa, ya fito da wani abu kamar alƙalami mai ɗan allo. Ya tsoma a ruwan rijiyar burtsatse, lamba ta hau ɗari uku da wani abu, ya tsoma a ruwan matatarsa, ta faɗo ƙasa da ashirin, ya ce to kun ga yawan ƙwayoyin cutar da kuke sha. Mutum biyu suka ba da kafin alƙalami a wurin. Abin da alƙalamin nan ke aunawa shi ne yawan gishiri da ma'adinan da suka narke a ruwa, ta hanyar duba yadda lantarki ke ratsa shi. Ba shi da labarin bakteriya ko kaɗan. Ruwan sama da ya wanko kashin tsuntsu daga kan kwano zai ba shi lamba 'yar ƙarama, ruwan rijiya mai lafiya da ya ratso dutse ya ba shi babba. Ban ce yaron maƙaryaci ne ba, wataƙila haka aka koya masa. Amma haɗarin a fili yake: uwa za ta ga ƙaramar lamba ta daina tafasa ruwan jariri.

To, tunda haka ne, mene ne amfanin saurin? Wanda ya tuna 2021 ba zai yi wannan tambaya ba. A shekarar, Hukumar Daƙile Cututtuka ta Ƙasa ta ƙirga sama da mutum dubu 111 da ake zaton sun kamu da kwalara, sama da 3,600 suka rasu, kuma Kano na cikin jihohi huɗu da abin ya fi shafa tare da Bauchi da Jigawa da Zamfara. Kwalara na iya bayyana a jikin mutum daga 'yan sa'o'i zuwa kwana biyar bayan ya sha ta, kuma tana iya kashe babban mutum a yini guda idan ba a mayar masa da ruwan jikinsa ba. Tanki ɗaya da ke cika kura ashirin a safiya, kowace kura da jarka goma sha biyu ko fiye, ya shiga gidaje masu yawa kafin azahar. A irin wannan hali, bambancin amsar yau da ta jibi shi ne bambancin rufe tanki ɗaya da cika gadajen Asibitin Zana.

Sai dai amsa ba ta rufe tanki da kanta. Labarin da ake koya wa kowane ɗalibin kiwon lafiya shi ne na Dakta John Snow a Landan a 1854, lokacin da kwalara ta kashe sama da mutum 500 cikin kwana goma a kewayen wani famfon tuƙa-tuƙa da ke titin Broad. Mutanen unguwar suna yabon daɗin ruwan. Snow ya duba shi a madubi bai ga abin da zai kafa hujja da shi ba, domin sai bayan shekara talatin Robert Koch ya tabbatar wa duniya da ƙwayar. Gida-gida ya bi yana tambayar inda mamatan ke ɗibar ruwa, ya kai wa hukumar unguwa, washegari aka cire hannun famfon. Daga baya aka tono aka tarar ramin masai na dab da rijiyar, tazarar ba ta kai mita guda ba. Gaskiya ne annobar ta fara lafawa kafin a cire hannun, amma abin lura shi ne an samu hukumar da ta ji magana ta yi aiki cikin kwana ɗaya. Mu yau muna da na'urar da Snow bai yi mafarkinta ba. Wa zai cire hannun famfon?

A ganina amsar tana hannun duba-gari. Dattawanmu na ba da labarin zamanin da jin an ce ga duba-gari nan ke sa mata su ruga su wanke randa, domin zai buɗe ta ya nemi 'ya'yan sauro. Makarantar Koyon Tsafta ta Kano, wadda aka kafa tun 1932, har yanzu tana yaye su. Abin da suka rasa shi ne kayan aiki da goyon baya. Duba-garin da ya zo da ido da hanci kawai, mai rijiya zai ce masa ra'ayinka ne. Wanda ya zo da lamba a rubuce, da kwanan wata, da hoton faifan gwaji, magana ta sauya.

Ƙaramar Hukumar Tarauni mazaɓu goma gare ta, biyu daga ciki Gyaɗi-Gyaɗi Arewa da Gyaɗi-Gyaɗi Kudu. Ba aikin shekara ba ne a ƙirga rijiyoyin da ke sayar da ruwa a mazaɓu biyu. Masu unguwanni da shugabannin 'yan garuwa sun san su ɗaya bayan ɗaya. Na'ura mai sauri guda ɗaya ta isa a zagaya su a ware waɗanda ake tuhuma, sannan a tabbatar da gwajin kwana ɗaya kafin a ɗora wa kowa laifi, tunda mun ga yadda mai saurin ke kuskure. Ma'aikatar Albarkatun Ruwa ta Tarayya na da ɗakin gwajin ingancin ruwa a Kano, ga Jami'ar Bayero, ga ta kimiyya da fasaha da ke Wudil. Su ya kamata su fara gwada kowace na'ura a kan ruwanmu, a zafin Afrilu da ƙurar hunturu, su kwatanta ta da tsohuwar hanya, kafin a fitar da kuɗin gwamnati. Abin da ya yi aiki a Paris ko Kabwe ba dole ne ya yi a Darmanawa ba. A kuma tambayi mai sayarwa tambayar da aka saba mantawa: maganin da na'urar ke ci, nawa ne na gwaji ɗaya, da wane kuɗi ake sayensa, wa zai kawo shi baɗi? Ɗakunan ajiyar ma'aikatu a ƙasar nan cike suke da injunan da aka ƙaddamar da tafi, suka mutu ranar da kwalin maganin farko ya ƙare.

Akwai kuma abin tsoro da bai kamata a ɓoye ba. Na'ura a hannun ma'aikacin da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata na iya zama sabuwar hanyar karɓar na goro. Maganin wannan shi ne kada sakamako ya zama sirri tsakanin mai gwaji da mai rijiya. A manna shi a jikin tanki da kwanan wata, inda ɗan garuwa da mai saye za su gani, a aika kwafinsa ta waya zuwa inda mai gwajin ba zai iya goge shi ba, abin da yawancin sababbin na'urorin ke yi da kansu. Haka nan masu fiya wata: lambar NAFDAC shaida ce cewa an duba masana'anta an yi mata rajista, ba shaida ce ta abin da ke cikin ledar da aka buga da safiyar yau ba.

Kuma kada a ɗauka rufewa ce kaɗai hukunci. Idan aka garƙame rijiya ba a ba mutane wata ba, za su koma wadda ta fi ta muni, ɗan garuwan da ya baro ƙauyensu ko ya tsallako daga Nijar domin wannan sana'a ya kwana da yunwa, gobe kuma ba wanda zai yarda a gwada ruwansa. Mafi yawan lokuta gyaran mai sauƙi ne: a wanke tanki, a ɗaga tiyo daga ƙasa, a gyara simintin bakin rijiya, a sa kulorin daidai awo. A nan ne ma gwajin da ya fi kowanne arha da sauri yake, kuma ba ya bukatar batir. Ana jefa 'yar ƙwayar magani a ɗan ruwa, idan akwai sauran kulorin a ciki sai ya koma ruwan hoda cikin minti guda, a kwatanta launin da na jikin kati. Hukumar Lafiya ta Duniya na son a samu aƙalla miligiram 0.2 a kowace lita a lokacin da ruwa ya isa ga mai sha. Ruwan da ba shi da laka, ya kuma riƙe wannan adadin, yana ci gaba da kashe bakteriyar da ta shiga daga jarka ko moɗa. Na'urar dubban daloli za ta gaya maka ruwa ya ɓaci. Wannan 'yar ƙwayar tana gaya maka ko yana da abin kare kansa a hanya. Da za a ce in zaɓi ɗaya domin Gyaɗi-Gyaɗi a bana, ita zan zaɓa, in bar babbar na'urar a hannun masu bin sawun annoba.

Kwalara a Arewa ta fi tsananta ne idan damina ta yi nisa, daga Yuli zuwa Satumba, lokacin da kwatoci ke cika su haɗe da masai. Gwajin da aka yi a rani ba ya faɗin halin rijiya a Agusta, don haka zagaye ɗaya bai isa ba. Samfurin kuma kada a ɗebe shi da hantsi daga tankin da mai shi ya san da zuwan baƙi ya kwana yana wankewa. A tare kura a kan hanya da ƙarfe shida na safe, a biya mai ita kuɗin jarka ɗaya, a ɗiba daga ciki, sannan a bi shi zuwa gidan da zai juye sauran, a nemi izinin maigida a ɗiba daga randa da moɗar da yara ke sha da ita.